Kakin Zuma a Bakin Tsingaro

Litinin, 8 ga Satumba

Karo na uku ke nan Hedimasta yana gwada tukwanensa, karo na uku babu kakin zuma. Tsingaro talatin, ko ɗigo. Ya shigo ofishina da takardun da injin ya fitar, ya tsaya kamar wanda aka kama da laifi. Mutum mai shekara arba'in da 'ya'ya huɗu, ya ajiye shugabancin makarantar sakandare ya zo yin digirin dakta a hannuna, wai yana tambayata, "Dakta, ko hannuna ne ba shi da kyau?" Na ce ya sake wanke kwalaben ya ƙara gwadawa. Na faɗa da muryar wadda ta san abin da take yi.

Wuri ɗaya ne fa. Tudun da Malam, wanda ya koyar da ni, ya tona shekara talatin da suka wuce, wanda na ɗebi fasassun tukwanensa daga sito na gwada, shi Hedimasta ya koma ya tona bara, taku ashirin daga ramin Malam. Ƙasa ɗaya, zurfi ɗaya, zane iri ɗaya a wuyan tukwanen. Ni na samu kaki a goma sha huɗu cikin arba'in. Shi bai samu a ko ɗaya ba.

Laraba, 10 ga Satumba

Na miƙa fayil ɗin ƙarin girma. Shekara goma sha bakwai ina koyarwa, yau takardun neman farfesa sun bar hannuna. Maƙalar zuma ce a sama. Sakatariyar ta leƙa ta ce, "Dakta Zuma, wannan karon sai mun sha shayi." Na yi dariya.

Shekara takwas da fitowar maƙalar nan. A cikinta na ce mutanen tudun suna ajiye zuma a tukwane tun shekara dubu uku, tun da ga kakin ya shige cikin yumɓun. Ita ta kai ni taro a ƙasashe huɗu. Ita ta sa aka saya mana injin da muke aiki da shi. In aka cire ta, me ya rage? Ƙananan rubuce-rubuce kan irin yashin da ake cakuɗawa da yumɓu, waɗanda ni kaina ba na komawa in karanta.

Asabar, 13 ga Satumba

Maigidan ya ce tun jiya nake goge tebur ɗaya. Likitan dabbobi ne, amma ya fi iya duba ni. Na ce kaina ke ciwo.

Talata, 16 ga Satumba

Na shiga sito da kaina bayan darasin safe. Ƙurar akwatunan nan ta sa ni atishawa har hawaye. Na fito da goma sha huɗun nawa, na jera su a kan farar takarda kusa da taga, na jera sauran ashirin da shida a gefe.

Ban taɓa jera su haka ba. Ban san me ya hana ni ba. A'a, na sani.

Goma sha huɗun duk sirara ne, masu laushi, irin waɗanda ke marmashewa a hannu. Kuma suna da wani ɗan sheƙi, har a bakin karayar. Tukunyar da aka zuba wa zuma tana da ranta, cikinta kaki zai kama. Me zai kai shi bakin da bai wanzu ba sai bayan ta fashe?

Na maida su, na rufe akwatin, na wanke hannu sau biyu kamar hannun ne matsalar.

Alhamis, 18 ga Satumba

Na kankare gari daga bakin karayar guda uku, na sa a inji ba tare da na gaya wa kowa ba. Na ce wa Kawu gwajin injin nake yi. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce to.

Kawu ya fi injin daɗewa a ɗakin gwaji, ya fi ni, ya fi fentin bango. Shi ke haɗa sinadarai, shi ke gyara abin da ya lalace da waya da addu'a. Saura wata huɗu ya yi ritaya. Tun ina ɗaliba nake kiransa Kawu, har na manta ba mu haɗa jini ba.

Sakamakon ya fito kafin la'asar. Kaki a bakin karaya ya ninka na cikin tukunya. An shafa shi ne bayan an tono su.

Juma'a, 19 ga Satumba

Abin da ban rubuta jiya ba.

Kawu ya gaya mini. Shekara tara da suka wuce, a bakin ƙofar sito, ina rungume da akwatin, ina sauri domin wa'adin aika sakamako saura sati uku, ga Auta a asibiti da ciwon ƙirji. Ya ce, "Dakta, wasu daga cikin nan kamar mun tsoma su a kaki lokacin tono, don kada su farfashe." Na ce, "To Kawu, zan duba." Ban duba ba. Da layin kaki ya fito a takarda, murna ta rufe ni, maganar ta nutse kamar dutse a rijiya. Wani lokaci takan taso, in danne ta. A ɗakin taro ma ta taɓa taso mini, ana tafi.

Ga shi na rubuta. Hannuna bai karye ba.

Lahadi, 21 ga Satumba

Na gaya wa Maigidan muna shanya kayan wanki a bayan gida. Ya riƙe rigar Auta a hannu har ruwan ya jiƙa masa wando. Ya ce, "Wani ya mutu?" Na ce a'a. Ya ce, "To da sauƙi. Ni in na yi kuskure saniya ce ke kwantawa." Na ji haushinsa ƙwarai. Na ce ba ka gane ba, sunana ne. Ya ce ya gane. Can kuma, yana matse zani, ya ce, "Shi wannan Hedimastan ya sani?"

Na shige ɗaki.

Laraba, 24 ga Satumba

Hedimasta ya fara karo na huɗu. Ya sayo sababbin safar hannu da kansa. Ya ce matarsa ta ce ko ya haƙura ya koma makarantarsa, tun da abin ya ƙi. Na ce kada ya yi gaggawa.

Kada ya yi gaggawa. Allah Ya shirye ni.

Litinin, 29 ga Satumba

Na je wurin Malam. Ya yi ritaya shekara shida amma an bar masa ofishinsa na ƙarshen baranda, yana zuwa Litinin da Alhamis, da sandarsa da butar shayinsa. Mutumin nan shi ya tsaya mini lokacin da na haihu ana tsakiyar digirina, kwamiti ya ce a sallame ni. Shi ya buga tebur. Shi ya koya mini yadda ake riƙe tsingaro, da yadda ake karanta ƙasa kamar littafi. Mahaifina ya rasu ina shekara sha biyu, ban sake jin wani ya ce mini "'yata" da irin wannan muryar ba sai shi.

Na ajiye masa takardun. Ya daɗe yana dubawa.

Ya ce, "Wa ya gani?" Na ce ni kaɗai. Ya ce, "To." Ya zuba shayi, ya manta bai sha ba.

Sai ya ce shi bai tuna ya taɓa sa a shafa wa wani abu kaki ba. In an yi, to ma'aikata ne suka yi gaban kansu, kuma wanda ke kula da kayan tono a lokacin sananne ne. Ya ce a rubuta ɗan gajeren gyara, a ce an gano ma'aikacin ɗakin gwaji ya taɓa kayan ba da izini ba kuma bai rubuta ba. "Ke an yaudare ki, ni an yaudare ni. Shi kuma tafiya zai yi, me zai rasa?"

Na ce, "Malam, ai Kawu ne."

Ya ce, "Na san ko wane ne, 'yata. Ke nake dubawa. Ki bari fayil ɗinki ya wuce tukuna."

Na fito na tsaya a baranda. Wasu ɗalibai suka gaishe ni, ban san me na amsa ba.

Talata, 30 ga Satumba

Abin kunyar shi ne na ji sanyi a raina da ya faɗa. Na minti ɗaya, ko biyu. Hanya ce, kuma a share take.

Alhamis, 2 ga Oktoba

Ban tambayi Kawu komai ba. Shi ya same ni ina wanke kwalabe, aikin da ban yi da hannuna ba shekara da shekaru. Ya ajiye wani tsohon littafi mai baƙin bango a gefen famfo, an ɗaure shi da roba. Ya ce, "Na ga abin da kika sa a inji ranar nan. Wataƙila wannan ya yi miki amfani."

Littafin aikin tono ne, nasa na kansa. Kowace rana da abin da aka yi. A shafi na goma sha ɗaya ga lambobin tsingaron da aka tsoma a narkakken kaki, su ashirin da biyu. Goma sha huɗuna duk suna ciki. A ƙasan shafin, da jan biro, rubutun da zan gane ko a mafarki: a yi wa duk masu laushi haka. Da sa hannun Malam.

Kawu ya ce a lokacin haka ake yi ko'ina, ba wanda ya san za a zo a ƙera injin da zai shinshino abin da ke cikin yumɓu. "Ba laifi ba ne. Da ba mu yi ba, da gari muka kawo gida."

Na ce, "Kawu, ka taɓa gaya mini."

Ya gyara robar. Ya ce, "Na ɗauka kin duba ne, kin ga abin da ni ban iya gani ba. Ke ce mai karatun."

Da zagina ya yi, da ya fi mini sauƙi.

Asabar, 4 ga Oktoba

Littafin yana cikin jakata. Ya ba ni shi kamar wanda ya ba da aron tsintsiya. Ko a ransa bai kawo cewa shi kaɗai ne abin da zai kare shi ba, kuma ga shi a hannun wadda ta fi kowa amfana in ya ɓace.

Na kai Auta wurin ɗinki, na dawo, na leƙa jakar. Yana nan. Ina zai je?

Laraba, 8 ga Oktoba

Wasiƙa uku na rubuta wa mujallar, ban aika ko ɗaya ba. Ta farko ta ce "an gano" kayan sun gurɓata. Wa ya gano, wa ya gurɓata, oho. Ta biyu ta ambaci littafin da sa hannun da ke ciki, na karanta na ji kamar na tuɓe wa tsoho riga a kasuwa. Ta uku layi biyu ce, na tsaya a daidai "an sanar da ni".

Maigidan ya ce in ci abinci. Na ce na ci. Ya ce cokali uku ba ci ba ne, ko akuya mai zazzaɓi ta fi haka.

Litinin, 13 ga Oktoba

Malam bai jira ni ba.

Da safe na tarar da Kawu zaune a kan doguwar kujerar ɗakin gwaji, ba ya komai, abin da ban taɓa gani ba. Ga takarda a cinyarsa daga Shugaban Sashe. Tuhuma. Wai ya yi bayani cikin kwana bakwai kan taɓa kayan tarihi ba da izini ba, da ɓoye hakan, abin da ya jawo wa sashen zubewar mutunci. Shekara talatin da huɗu ba a taɓa rubuta masa ko gargaɗin makara ba.

Ya ce, "Dakta, ni Turancin nan ya yi mini yawa. Kora ce?" Na ce ba kora ba ce. Ya ce, "Jikokina za su zo walimar sallama." Bai ce in dawo masa da littafinsa ba. Ina jira ya ce, bai ce ba.

An bar jaki ana dukan taiki. Ni ce jakin, kuma ina tsaye ina kallo.

Talata, 14 ga Oktoba

Na fara da Hedimasta, domin shi na fi jin kunya. Na kira shi ofis na rufe ƙofa, na ce hannunsa lafiya lau, aikinsa daidai ne tun karon farko, nawa ne ba daidai ba. Na ce na yi kusan wata guda da sani.

Ya cire hularsa ya maida. Ya ce, "Wata guda, Dakta?" Na ce eh. Ya ce, "Na daina barci fa." Na ce na sani, ka yafe mini. Bai ce ya yafe ba. Ya ce zai je ya kira matarsa.

Daga nan na wuce ofishin Shugaban Sashe da littafin. Na buɗe masa shafi na goma sha ɗaya. Na ce abin da aka yi a tono daidai ne da ilimin lokacin, an kuma rubuta shi. Na ce Kawu ya faɗa mini kafin in fara gwaji, ni na ƙi dubawa. Ya cire tabarau ya murza ido ya ce, "Kin san abin da kike yi wa fayil ɗinki?" Na ce a dawo mini da shi. Ya ce in je in yi tunani zuwa gobe. Na ce na yi wata guda ina tunani, ba abin da ya haifar sai takardar da ke hannun Kawu.

Ya yaga kwafinsa na tuhumar a gabana. Ba jarumta ba ce. Ƙafata ce ta kai ni, ni ina biye.

Laraba, 15 ga Oktoba

Na aika. Na ƙarasa ta ukun. "An sanar da ni, ban bincika ba." Na nemi a janye maƙalar. Ban sa sunan kowa ba sai nawa.

Daga nan na shiga aji.

Alhamis, 16 ga Oktoba

Na je in gaya wa Malam da bakina. Ya riga ya ji. Na yi sallama, ya amsa ba tare da ya ɗago ba. Na ce, "Malam, ban ambace ka a wasiƙar ba." Ya ce, "Kin kai wa Shugaban Sashe, yaron da na koyar, rubutun hannuna. Me ya rage ki ambata?" Na ce ba yadda zan yi ne. Ya ce, "Akwai. Na nuna miki."

Sai ya ce, "Sai an jima, Dakta."

Bai taɓa kirana Dakta ba. Ko ranar da na zama.

Litinin, 27 ga Oktoba

Sati biyu na shiru a baranda. Wasu na gaishe ni da taushi fiye da kima, kamar mai takaba. Wasu na tsayar da hira in na shigo. Wani da muka fara aiki rana ɗaya ya ce, cikin raha wai, "Ashe zumar ta kanti ce." Aka yi dariya, ni ma na yi. A mota na yi kukan.

Fayil ya dawo. Sakatariyar ta miƙo mini shi a cikin ambulan. Sai bayan shekara uku zan iya sake nema, in akwai abin nema da shi.

Wani mai bincike daga wata ƙasa, wanda ya dogara da maƙalata a littafinsa, ya aiko da layi uku masu sanyi. Wata kuma da ban sani ba ta rubuto ta ce ta gode, za ta koma ta duba nata tsofaffin kayan. Na karanta na farkon sau goma, na biyun sau ɗaya.

Juma'a, 7 ga Nuwamba

Auta ta ji muna magana ta ce, "Umma, an kore ki ne?" Na ce a'a, na faɗi jarrabawa ne. Ta ce, "Manya ma suna faɗuwa?" Ubanta ya ce, "Sosai, sai dai su ba a kiran iyayensu."

Na maida wa Kawu littafinsa tun tuni. Yau ya dawo da shi, da wasu guda biyar. Ya ce in sa a kwafe kafin ya tafi, akwai abubuwan da aka wanke da sabulu, akwai waɗanda aka liƙa da gam, duk yana ciki. Shekara talatin suna cikin durowarsa, ba wanda ya taɓa tambaya. Mu masu karatun.

Laraba, 19 ga Nuwamba

Hedimasta ya dawo da magana da ni, amma ta aiki kawai. Ya daina cewa "yadda kika ce, Dakta". Yanzu cewa yake, "Bari mu sake gwadawa." Jiya ya kama ni na tsallake kwalbar da ake sawa babu komai don a tabbatar injin a wanke yake. Ya nuna da biro. Na koma na sa.

Litinin, 1 ga Disamba

Tukwane huɗu cikin talatin na Hedimasta sun nuna kitsen dabba. Kitse kawai, ba abin da za a gayyaci mutum taro a kansa. Mun maimaita sau biyu, ya sake fitowa. Kawu ya leƙo ta kafaɗarmu ya ce, "To, ashe dai sun ci nama, bayin Allah." Mu uku muka tsaya muna kallon ɗan layin nan har shayina ya huce.

Ƙofar Malam a buɗe take da na wuce. Na yi sallama. Bai amsa ba, ko bai ji ba. Na ɗan tsaya, sannan na tafi, ina da aji ƙarfe goma sha biyu. Zan sake yi ranar Alhamis.

A ajin, wata ɗaliba daga baya ta ɗaga hannu ta ce, to in ba zuma ba ce, me mutanen tudun suke zubawa a sauran tukwanen? Na buɗe baki in kawo mata irin dogon bayanin da na saba, wanda ke cika allo. Sai na ji na ce, "Ban sani ba tukuna." Ta rubuta a littafinta, har da tukunan. Na jira in ji nauyin da ya daɗe a ƙirjina, bai zo ba.

Wataƙila gajiya ce. Na ci abinci sosai da rana, har na ƙara.